Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Gundumar Norfolk: Teku Ba Ya Jiran Zaman Kwamiti

Zuwa ga shugabanni da kansilolin Majalisar Gundumar Norfolk ta ƙasar Ingila, da takwarorinsu na Majalisar Yankin Arewacin Norfolk.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, mun rubuto ne a kan gaɓar tekunku, musamman daga Weybourne zuwa Cart Gap, da kuma can yamma wajen Holme-next-the-Sea. Buƙatarmu guda ce, sauran duk rassanta ne. Muna so a kafa tsayayyiyar tawagar gaggawa ta masu binciken kayan tarihi, kayan aikinta a ɗaure, izininta a hannu, kuɗinta a cikin kasafin kowace shekara, wadda za ta iya sauka bakin ruwa cikin awa 24 da zarar an ce ga wani abu ya bayyana.

Ba da ka muka yanke awa 24 ɗin ba. A watan Mayun 2013 igiyar ruwa ta kwashe yashin da ke gaban ƙauyen Happisburgh, ta bar wata tsohuwar lakar bakin kogi a fili, a jikinta kuwa ga sawun ƙafafun mutane. Masanin binciken kayan tarihi Martin Bates ne ya fara lura da su, ya kuma yi sa'a akwai masana irin su Nick Ashton na Gidan Tarihin Birtaniya da suka daɗe suna aiki a wurin. Aka ɗauki hotuna cikin ruwan sama, teku yana cikowa. Daga hotunan ne aka tantance sawu kusan 50 na mutum aƙalla biyar, manya da yara, masu tsayi daga santimita 90 zuwa mita 1.7, sun nufi kudu. Shekarun sawun tsakanin 850,000 ne da 950,000, kuma lokacin da aka sanar da su a Fabrairun 2014 babu sawun ɗan Adam da aka sani a wajen Afirka da ya girme su. Cikin mako biyu teku ya shafe su sarai. Da a ce makon da suka fito ba kowa a wurin sai masu yawo da karnuka, da har yau ba wanda ya san an yi su. Gunduma mai irin wannan gaɓa bai kamata ta dogara da sa'a ba.

Ku duba yadda lokacin yake guntulewa. Teku yana cikowa sau biyu a kwana, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin janyewarsa yana ja da baya da kusan minti 50 kullum. Shimfiɗun tsohuwar laka da ke can ƙasan gaɓa ba sa fitowa sosai sai a babbar janyewa, wadda ke zuwa kusan duk mako biyu, kwana kaɗan bayan tsayuwar wata da kuma bayan cikarsa. A ranar da suka fito ma, ba a cika samun fiye da awa biyu zuwa huɗu na aiki ba, kuma cikin waɗannan awannin sai an fara kwashe yashi da ruwan da cikowar baya ta zuba. Ga shi manyan guguwowin da ke tone gaɓa a lokacin hunturu suke zuwa, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. In aka haɗa lissafin, abin da ya bayyana ranar Litinin, aka ce sai an zauna a kansa ranar Juma'a, ya riga ya sha cikowa takwas, kowace da tsakuwarta tana gurzarsa.

Aikin ranar farko ba tono ba ne, aunawa ne da hoto. Ana fara kafa alamomi aƙalla biyar a kewayen wurin, a auna matsayin kowace da na'urar tauraron ɗan Adam irin ta masu safiyo, wadda kuskurenta bai wuce santimita biyu ko uku ba. Wayar hannu ba ta isa wannan aikin ba, don tana iya kauce wa wuri da mita uku zuwa biyar, kuma a gaɓar da yashi ke rufewa da buɗewa, mita biyar ta isa a nemi wuri a rasa shekara mai zuwa. Sai a ajiye sandunan awo biyu ko uku a cikin fili, a tsotse ruwan ramukan da soso. A nan ake yawan yin ɓarna. Mai gaggawa yakan sa cokalin gini ya kankare laka don sawu ya fito fes, ba tare da ya sani ba ya sassaƙa dunduniyar da babu ita. Soso da ruwa mai gudu a hankali kawai ake yarda su taɓa fuskar lakar. Ruwan da ya kwanta a rami kuma yana ƙyalli, manhajar da ke haɗa hotuna ta fitar da siffa mai zurfi da tudu ba ta iya karanta ƙyalli, sai ta bar huji daidai inda ake son gani. Hotunan kansu ana ɗaukarsu a jere, kowane ya hau kan na bayansa da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, daga sama kai tsaye sannan daga gefe, ba a canza zuƙowar kyamara a tsakiya. Ranar da gari ya lumshe ta fi ranar da rana ta take, domin inuwa tana tafiya tsakanin hoton farko da na ƙarshe. Fili mai murabba'in mita 12 yana cin hotuna ɗaruruwa, ga batir yana saurin mutuwa cikin sanyi, don haka a riƙe na canji biyu a aljihun ciki.

Bayan hoto sai samfuri, kuma shi ne abin da ake mantawa idan ido ya ga abin mamaki. Shekarun Happisburgh ba daga sawun aka samo su ba, daga lakar aka samo su. Ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinta sun kwanta ne a zamanin da maganaɗisun duniya yake a juye, wato kafin shekara 780,000 da suka wuce. Ƙurar furanni da fukafukan ƙwari da aka tace daga cikinta suka nuna irin dajin da yanayin. Haƙoran wasu ƙananan ɓeraye, waɗanda siffarsu ke canzawa daga zamani zuwa zamani, suka taimaka wajen matse lissafin. Kowane ɗaya da yadda ake ɗibarsa. Na maganaɗisu sai an zana kibiyar arewa a jikin samfurin tun yana cikin ƙasa, in an cire shi babu kibiya ya zama ɓataccen yumɓu. Na ƙurar furanni da dogon gwangwani mai tsawon santimita 50 ake ɗauka, a buga shi a jikin shimfiɗar, a rubuta sama da ƙasa, in za a ɗauki na biyu ya hau kan na farko da santimita biyar zuwa goma don kada a bar giɓi. Na ƙananan ƙasusuwa kuwa bokiti-bokiti ne, lita 10 zuwa 40 daga kowace shimfiɗa, a wanke a rariya mai ido rabin milimita. Wanda ya yi amfani da rariya mai faɗin ido ya zubar da haƙoran tare da ruwan wanki. Waɗannan bokitai nauyi gare su, hanyoyin sauka gaɓa a Happisburgh kuma teku ya sha cinye su, saboda haka tawagar tana buƙatar ƙaramar mota mai iya tafiya kan yashi da direban da ya san inda take nutsewa.

Akwai wata matsala da aikin kare gaɓa ya haifar, ba da niyya ba. A 2019 an zuba yashi mai yawan kubik mita miliyan 1.8 a gaban Bacton da Walcott, don kare tashar iskar gas da ƙauyukan. Daga ƙarƙashin teku aka yaso shi, inda a da can busasshiyar ƙasa ce da mutane da namun daji ke yawo a kai, shi ya sa ya zo da gatura na dutsen ƙyastu da ƙasusuwan dabbobi. Igiyar wannan gaɓa tana tura yashi kudu maso gabas, wato wajen Happisburgh. Yanzu wanda ya tsinci gatarin dutse a can, dole a tambaya: daga shimfiɗar wurin ya fito, ko baƙo ne da jirgin yasa ya kawo? Amsar tana jikin dutsen da kuma inda aka tsince shi. Mai kaifin baki, wanda bai gurzu ba, bai yi nisa da makwancinsa ba, kuma in irinsa suka taru a wuri guda, akwai shimfiɗa a kusa da ke zubar da su. Mai dakusasshen baki da tabon bugun tsakuwa ya sha tafiya. Launi da lakar da ta maƙale a lungunansa su ma shaida ne. To, mai tsintuwa da ya zuba duwatsu biyar a aljihu guda suna gogar juna, ya je gida ya wanke su da buroshi, ya shafe rabin shaidar da hannunsa. Abin da ake so mai sauƙi ne: hoto kafin a ɗaga, lambar wuri daga waya ko da ba ta cika daidai ba, kowane dutse a ledarsa, takardar shaida mai jure ruwa ɗaya a ciki ɗaya a waje, a rubuta da alƙalamin da ba ya gogewa. Muna roƙon a buga wannan a alluna a kowace mashigar gaɓa, a kuma ajiye ledoji da takardun kyauta a Gidan Tarihin Cromer da shagunan ƙauyukan.

Itace shi ne ya fi komai wuya, kuma a kansa ne rashin shiri ya fi tsada. Kun san labarin da'irar Holme da jaridu suka laƙaba wa suna Seahenge. An lura da ita a 1998, aka tone ta a 1999: turaku 55 na itacen oak a kewaye, faɗin da'irar ya ɗara mita shida da rabi, a tsakiya ga wani ƙaton kututture an kafa shi a kife, saiwoyinsa na kallon sama. Zoben shekarun itacen, wato da'irar da bishiya ke ƙarawa a cikinta duk shekara, ya nuna an sare shi a bazara ko farkon zafi na shekarar 2049 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Daga tabon sara aka gane an yi aikin da gatura na tagulla fiye da 50, a zamanin da tagulla sabon abu ce a tsibirin, abin da ke nuna taron jama'a ne ya yi aikin. Duk waɗannan bayanai biyu, shekarar da adadin gaturan, a fatar itacen suke, cikin santimita ɗaya ko biyu na waje, kuma nan ne ke fara lalacewa.

Dalili shi ne itacen da ya shekara dubbai a jiƙe ba itace ba ne irin wanda kafinta ya sani. Ƙwayoyin cuta sun cinye yawancin naman cikinsa, sun bar saƙar waje, ruwa ne ya cika gurbin yake riƙe da siffar. Kamar soso yake: ido na ganin turke, yatsa na iya shiga. Ruwan na fita sai ƙwayoyin itacen su rufta, ya tsage, ya murɗe, ya motse, kuma ko an mayar da shi cikin ruwa ba ya komawa yadda yake. Iskar gaɓa da rana na awa kaɗan sun isa su fara wannan. Masu karatu a Nijeriya sun san irin wannan fargaba daga kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, mai kimanin shekara 8,000, wanda shi ma danshin ƙasa ne ya raya shi. Saboda haka tun daga minti na farko ana fesa wa itacen ruwa, a naɗe shi da leda mai manne wa jiki, a bi da baƙar leda mai kauri don hana haske. Ba a ɗaga shi da hannu ta baki biyu, don yana karyewa a tsakiya da nauyin kansa. Katako ake zurawa a ƙarƙashinsa tsawonsa duka, da katifar soso, a ɗaure da maɗauri mai faɗi. Igiya siririya tana yanka shi ta bar tabon da mai nazari na gaba zai ɗauka na gatari ne.

Daga gaɓa sai tanki, kuma tankin nan ne muke so ku tanada tun kafin a buƙace shi. Turakun Holme sai da aka kai su Flag Fen kusa da Peterborough aka wanke aka yi nazarinsu, sannan aka wuce da su Portsmouth wurin masu kula da Mary Rose, wani tsohon jirgin yaƙi na katako da aka ciro daga teku, kafin a baje kusan rabinsu a Gidan Tarihin Lynn a 2008. Shekara tara ke nan daga tono zuwa nuni, kuma ba sakaci ne ya ja lokacin ba, haka aikin yake. Ana fara jiƙa itacen a ruwa mai daɗi, cikin duhu da sanyin da bai wuce digiri biyar ba, ana canza ruwan ana auna gishirinsa har ya sauka, domin gishirin da ya rage a ciki yana ƙanƙarewa ya farfasa itacen daga baya. Sannan a shiga ba shi wani kaki mai narkewa a ruwa da ake kira PEG, a fara da mai ƙananan ƙwayoyi da ke ratsa bangon ƙwayar itace, a bi da mai manya da ke cike gurabe, ana ƙara kaurinsa kaɗan-kaɗan. Wanda ya zuba mai kauri tashi ɗaya zai ga kakin ya zuƙe ruwan itacen kafin shi ya shiga, itacen ya motse a cikin maganin da aka ce zai cece shi. A ƙarshe a daskarar da shi, a zuƙe ƙanƙarar a injin da ba iska, ta fita a matsayin tururi ba tare da ta koma ruwa ba. Ko bayan haka ba a huta ba. Itacen teku yakan ɗauki sinadarin kibiritu da baƙin ƙarfe, in danshin ɗakin nuni yana hawa da sauka sai su koma asid su ci itacen daga ciki, kamar yadda masu kula da Vasa, tsohon jirgin katako da aka ciro daga ruwa a Suwidin, suka gani. Ba mu ce gunduma ta gina irin masana'antar Portsmouth ba. Tankuna biyu ko uku masu tsawon mita uku zuwa huɗu, da murfi, da famfon juya ruwa, da ɗaki mai sanyi, da yarjejeniya a rubuce da wata cibiyar adana itace, sun isa su riƙe abu da rai har a samo kuɗin sauran aikin.

Kafin itace ya shiga tanki, a ɗauki siffar tabon saran da hoto ko na'urar leza, a kuma yanki samfurin zoben shekaru. Mai ƙirga zobe yana son aƙalla 50, ya fi son 80 zuwa sama, kuma in ana son shekarar sara daidai sai an samu farin itacen waje har zuwa ɓawo. Wannan farin ɓangaren shi ne mafi taushi, shi ne ke salewa a hannun mai ɗagawa. In ya tafi, abin da za a iya cewa kawai shi ne an sare bishiyar bayan shekara kaza.

Ba kowane abu za a ɗauke ba, mun yarda. Da'ira ta biyu ta Holme, mai tazarar kimanin mita 100 daga ta farko, wadda ita ma aka gano itacenta na 2049 ne, an bar ta a wurinta ana bibiyarta, teku da tsutsotsin da ke huda itace suna ta rage ta. Wannan zaɓi ne da ake iya karewa, muddin an yi shi da ido buɗe, an auna, an ɗauki samfuri, an kuma faɗa wa jama'a gaskiya cewa bari a wurin yana nufin rasawa. Rigimar 1999, lokacin da mutanen gari da masu ɗaukar wurin da tsarki suka tsaya a gaban masu tono, ta samo asali ne daga jin cewa an yanke hukunci a bayan idonsu. Ga kuma tsuntsayen da ke kiwo a wannan gaɓa, waɗanda tururuwar 'yan kallo ta dama. A rubuta ƙa'idar abin da za a ɗauka da abin da za a bari tun yanzu, a zauna da majalisun ƙauyuka a kanta cikin kwanciyar hankali.

Ƙarfe da ƙashi ba za mu ja magana a kansu ba. Baƙin ƙarfen da ya fito daga teku a bar shi cikin ruwa, kada a fasa dunƙulen tsatsar da ya rufe shi, sau da yawa ƙarfen ya narke kuma siffarsa a cikin dunƙulen kawai ta rage, hoton asibiti ne ke nuna ta. Wanda ya fito daga busasshiyar ƙasa kuwa akwati mai rufuwa ruf yake so, da ƙwayoyin silika masu shan danshi, danshin ya tsaya ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Ƙasusuwan dabbobin da ke fitowa daga tsohuwar shimfiɗar ƙasar gaɓar Cromer a busar da su sannu a hankali, manyan a naɗe su da takarda mai laushi da ta alminiyum sannan a yi musu rigar filasta kafin a motsa su. Haka aka yi wa giwar zamanin da ta West Runton, wadda aka ga ƙashin ƙugunta a gindin gaɓa a Disambar 1990, aka yi babban tononta a 1995, aka samu kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙasusuwanta. Ita ta yi haƙurin shekara biyar domin tana binne a ƙarƙashin tudu. Abin da ke shimfiɗe a kan gaɓa ba ya da wannan gata.

Sai batun izini, wanda shi ne ke cinye kwanakin da ba a da su. Gaɓa tana da masu ita: wani ɓangaren na Masarauta ne, wani na majalisa, wani na gidajen masu ƙasa, wani na ƙungiyoyin kare namun daji. Tudun West Runton da na Happisburgh wurare ne da doka ta keɓe saboda darajarsu ta kimiyya, ba a tona su sai da yardar hukumar kula da muhalli. Abin da ya fito daga jirgin da ya nutse, dokar jiragen ruwa ta 1995 ta ce a sanar da jami'in karɓar kayan ɓaraguzan jirgi, wa'adin kwana 28 ne. Zinariya da azurfa da suka faɗa ƙarƙashin Dokar Taska ta 1996 kwana 14 ne a kai rahotonsu. Ƙashin mutum kuwa sai an kira 'yan sanda tukuna, sannan a nemi lasisin Ma'aikatar Shari'a. Kowace ƙofa da mai tsaronta, kuma babu wanda ke ofis ranar Asabar da daddare. A zana taswira guda mai nuna mai kowane yanki da lambar da za a kira, a sa hannu kan izinin tsaye na aunawa da ɗibar samfuri na gaggawa, a sabunta shi duk shekara. Inshorar 'yan sa-kai da horon tsaro su shiga ciki, don tudun nan na yumɓu da yashi ne, yana ruftowa ba sallama, musamman bayan ruwan sama.

Ku lura da wani giɓi a dokar. Gatarin dutse mai shekara 500,000, irin wanda aka tsinta a Happisburgh a shekarar 2000, ba ya cikin abin da Dokar Taska ta tilasta a kai rahotonsa, tunda ba ƙarfe ba ne. Kyakkyawar niyyar mai tsintuwa ce kawai ke kawo shi. A nan Norfolk tana da gadon da wasu gundumomi ke sha'awa. Tun shekarun 1970 ma'aikatan gidan tarihinku irin su Tony Gregory suka riƙa zama da masu neman ƙarfe da na'ura a lokacin da sauran masana ke gudunsu, kuma irin wannan hulɗa ce aka faɗaɗa ta zama tsarin rajistar tsintuwa na ƙasa a 1997. Shi ya sa gundumarku ke yawan zuwa ta ɗaya a adadin taskokin da ake rajista. Amma amana irin wannan da saurin amsa take rayuwa. Mutumin da ya kawo dutse ya ji shiru wata shida, karo na biyu a kan tagar ɗakinsa zai ajiye shi. A ƙara ma'aikaci ko da ɗaya ne wanda aikinsa gaɓa ce kaɗai, ya san dutsen ƙyastu ya san ƙashi, ya riƙa shigar da komai cikin kundin tarihin muhalli na gunduma, wato rajistar wurare da kayan tarihinta.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi, don ya shafi mamatan da jikokinsu ke raye. Tsarin kula da gaɓa bai yi alkawarin tsare Happisburgh har abada ba, kuma shingayen katakon da aka kafa bayan ambaliyar 31 ga Janairun 1953 sun daɗe da karyewa. Cocin St Mary da maƙabartarsa suna kan tudun. A cikinta akwai kabarin bai ɗaya na ma'aikata 119 na jirgin yaƙin Invincible da ya nutse a 1801, ga kaburburan 'yan gari na ɗaruruwan shekaru, har da na kwanan nan. Mundesley da Trimingham su ma suna da coci kusa da gaɓa. Abin da ke faruwa in an yi jinkiri a rubuce yake a tarihinku. Hasumiyar cocin Eccles ta tsaya a kan yashi har ta faɗi a 1895, kuma bayan haka igiya ta sha tone kaburburan wurin. A Sidestrand an kwashe duwatsun coci an sake gina shi can ciki a farkon shekarun 1880, aka bar tsohuwar hasumiya da maƙabarta, hasumiyar ta rufta a 1916.

Kwashe maƙabarta ba aikin wata uku ba ne. Ƙasar coci tana ƙarƙashin kotun dayosis ta Norwich, sai da izininta. Kafin nan sai an auna kowane dutsen kabari an haɗa shi da rajistar binnewa, an nemo dangi, an sayi sabuwar ƙasa an keɓe ta. Duwatsun da ake gani kaɗan ne daga cikin waɗanda ke kwance, domin a tsohuwar maƙabarta an binne wasu a kan wasu, sabon kabari ya yanka tsoho, kuma duk lissafin kuɗin da aka yi da ƙirga duwatsu zai gaza nesa ba kusa ba. Ana tono ne a bayan labule, mutum ɗaya bayan ɗaya, kowa da lambarsa da akwatinsa, ƙananan ƙasusuwan hannu da ƙafa a ledoji daban na dama da na hagu. Sannan injin haƙa da motar ɗaukar ƙasa ba sa aiki a bakin tudun da ke zaizayewa. Ranar da za ta hana aikin ba ranar da kabari na farko zai faɗa teku ba ce, ranar da injiniya zai ce wurin ya yi kusa da baki ce, kuma wannan tana riga waccan da shekaru. Shirin Coastwise na Majalisar Arewacin Norfolk, mai taimaka wa ƙauyuka shirya wa zaizayar gaɓa, ya buɗe ƙofar irin wannan tattaunawa, amma shiri ne mai wa'adi. Muna so a sa wa kowace maƙabarta tazara a rubuce, mita kaza daga baki, wadda in an kai ta aiki zai fara ba tare da sabuwar muhawara ba, a kuma riƙa auna bakin tudun da jirgi marar matuƙi sau biyu a shekara da bayan kowace babbar guguwa irin ta 5 ga Disambar 2013.

Mun san aljihun majalisu a matse yake, ga kula da tsofaffi ga gyaran hanyoyi. Abin da muka lissafa, in aka cire maƙabartu, albashin mutum ɗaya ko biyu ne, da kwantiragin kira na gaggawa da wani kamfanin tono, da kayan da za su shiga bayan mota guda, da tankuna. Tunda ana maganar sake fasalin ƙananan hukumomin gundumar, muna roƙon a rubuta ƙarara wace hukuma ce za ta gaji kundin tarihin muhalli da wannan tawaga, kada a raba gaɓa guda gida uku kowa ya ce na maƙwabcinsa ne. Muna kuma neman a sa batun a ajandar zaman majalisa kafin watan Oktoba, a buga amsar inda mutanen Happisburgh, Walcott, Mundesley da Holme za su gani.

Allah ya ja zamaninku.

Naku,
Wasu masu nazarin kayan tarihin gaɓar teku da adana su.